Tun da Durwa ta fara jiƙa makwancinta

Cikin hunturun Disambar 2024 na fara lura. Na dawo daga sallar Asuba, na ɗauki tocila na zagaya bayan gida don in buɗe wa kaji, sai na ga buhun da karyata Durwa take kwana a kai ya jiƙe sharkaf daga tsakiya. Na ɗauka kwanon ruwanta ta ture cikin dare. Na haska kwanon, yana nan inda na ajiye shi. Raɓa kuwa babu ita a wannan lokaci, iska ce busasshiya mai tsaga leɓe. Da na sunkuya, sai zarni ya bugi hancina.

Durwa karya ce, uwarta 'yar gida, ubanta jinin Alseshan, irin manyan karnukan nan na Turai. Na karɓo ta tana 'yar kwikwiya a daminar 2013, shekarar da muka tare a gidanmu na bayan Samaru, lokacin unguwar duk gonaki ce, gidajen ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Ina kiwon kaji da 'yan tumaki, kuma duk wanda ya yi kiwo a bakin gari ya san abin da dare yake kawowa. Saboda gadi na ajiye ta, gadin kuma ta yi. Sau biyu tana korar mutum daga kan katanga, sau ɗaya ta tsaya tana haushi a bakin ɗakin kaji har na fito na tarar da kububuwa a bayan ƙofa. A shekara 11 da muka yi tare kafin wannan safiya, ba ta taɓa yin fitsari inda take kwana ba. Tana da wurinta can gindin darbejiya, ko ana ruwan sama can take zuwa.

Shi ya sa raina ya ɓaci. Na ɗauka lalaci ne, sanyi ya hana ta tashi. Rana ta farko na yi mata tsawa. Ta biyu ma haka. A ta uku na ɗauki igiyar ɗaure tumaki na zabga mata sau biyu a gadon baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma gudu ba. Ta kwantar da kunnuwa, ta ja ciki ta shige ƙarƙashin baro, ta yini a can ba ta taɓa abincinta ba. Har yau in na tuna wannan igiya sai ƙirjina ya yi nauyi, kuma ita ce ta sa nake rubuta wannan, ko wani zai tsira daga abin da na aikata.

Bayan kwana kamar biyar na ga abin da idona. Da hantsi ne, ina zaune a kan benci ina gyaran mazubin ruwan kaji, ita kuma tana kwance a rana a kan siminti, barci ya yi nisa har ƙafafunta na motsi kamar mai mafarkin gudu. Sai na ga wani siririn ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin cinyarta, yana bin gangaren simintin a hankali. Ba ta farka ba. Ba ta ɗaga wutsiya ba, ba ta tsuguna ba, numfashinta ma bai sauya ba. Can da ta farka ta ji danshi, sai ta zabura ta shinshina wurin, ta hau lasar jikinta da sauri-sauri, sannan ta ɗago ta dube ni ta sake kwantar da kunnuwa. Duka take jira. Na ajiye abin da ke hannuna na kira ta, ta daɗe kafin ta zo.

Da na fara yi wa mutane zancen, shawarwari suka yi ta zuwa. Wani maƙwabcina ya ce, "Malam, karen bana shi ke maganin zomon bana. Ka nemi sabon kwikwiyo, wannan ka kai ta daji ka sake ta." Wani ya ce in jira masu yawo suna sayen karnuka, waɗanda ke kai su kasuwar Dawaki ta jihar Filato, ko ba komai na samu na cefane. Wani kuma ya ce in rage mata ruwa, in ba ta sha ba da me za ta yi fitsarin? Wannan ta ƙarshen ce ta fi kama hankalina, har na gwada ta dare biyu, ina ɗauke kwanon tun Magariba. Buhun bai daina jiƙewa ba, sai dai zarnin ya ƙara ƙarfi. Ta kai ta daji kuwa ban ko saurara ba. Karyar da haƙoranta suka zube, wadda ba ta taɓa neman abinci da kanta ba, in ka sake ta a daji ai yunwa ka miƙa wa ita. An ci moriyar ganga ke nan an yar da kwaurenta.

Ɗana na biyu, wanda suka taso tare da ita, shi ya matsa. Ya ce, "Baba, in tunkiya ce ta yi haka da tuni ka kira likita." Gaskiya ya faɗa. Ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa da mu, nakan kai ta allurar haukan kare duk shekara, amma bai zo mini a rai ba cewa wannan ma ciwo ne da ake kai wa asibiti.

A asibitin aka ce in zo da fitsarinta na farkon safiya. Wanda bai taɓa tarar fitsarin kare ba, ga yadda na yi. Na wanke wani murfin roba mai faɗi da ruwan zafi tun dare, na kife shi ya bushe. Da asuba na sa mata igiya na bi ta zuwa gindin darbejiya, na bari sai da ta tsuguna ta fara, sannan na zura murfin ta baya a hankali. Ranar farko ta tsorata ta miƙe. Washegari na samu. Na juye a ƙaramar kwalba mai tsabta, muka kama hanya nan take, don an gargaɗe ni cewa fitsari in ya daɗe a ajiye, musamman cikin zafi, gwajinsa ba ya ba da gaskiya.

Likitan bai fara da magani ba, da tambayoyi ya fara, kuma tambayoyin ne suka buɗe mini ido. Tana sane take yi, ko zubowa yake? A kwance ko a tsaye? In ta je gindin bishiyar, fitsarin na fita sosai ko ɗigo-ɗigo take yi tana yunƙuri? Akwai jini? Shan ruwanta ya ƙaru? Bayan gida fa, tana riƙewa? Tana ɓata hanya a cikin gida, ko ta tsaya tana kallon bango? Sannan ya tambaya ko an taɓa yi mata aikin hana haihuwa. Na ce an yi, tana da kamar shekara uku, bayan ta haihu sau biyu na rasa yadda zan yi da 'ya'yan. Ya gyaɗa kai. Ya ɗora ta a sikeli, kilo 28. Ya mammatsa cikinta, ya bi ƙashin bayanta da yatsu tun daga wuya har gindin wutsiya, ya lanƙwasa tafin ƙafarta ta baya ya ga ko za ta mayar da shi daidai da sauri. Ta mayar. Aka ɗebi jini.

Bayanin da ya yi mini, da mazagin wando ya yi shi. Ya ce a bakin mafitsara akwai tsoka mai tsuke hanyar fitsari, kamar yadda mazagi ke tsuke ƙugu. In dabba tana farke tana iya taimaka wa tsokar, amma in barci ya ɗauke ta jiki ya saki, tsokar ce kaɗai ke riƙe da ƙofa. A jikin karya, sinadarin da ƙwayayen haihuwa ke samarwa, wato istirojin, yana cikin abubuwan da ke ƙarfafa wannan tsoka. In an cire su, wasu karnukan sai mazagin ya yi sako-sako, wani lokaci bayan shekaru masu yawa, kuma abin ya fi samun manyan karnuka fiye da ƙanana. Tsufa kuma ya zo ya ƙara nasa. Na ce, "To Likita, ni na jawo mata ke nan?" Ya ce a'a, in daina wannan tunani. Karyar da aka bari da mahaifarta har tsufa tana cikin haɗarin mahaifar ta cika da mugunya, ciwon da ke kisa cikin 'yan kwanaki in ba a yi aiki ba. Yoyon fitsari kuwa ana zaune da shi.

Amma ya ƙi yanke hukunci sai sakamako ya fito, domin abubuwa da yawa suna zuwa da kama ɗaya. Ƙwayoyin cuta a mafitsara suna sa kare yawan fitsari da kasa jira. Tsakuwa a mafitsara haka. Ciwon suga da ciwon ƙoda suna sa shan ruwa ya yi yawa, mafitsara ta cika fiye da yadda za ta iya riƙewa har safe. Ciwon laka yana katse saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da mafitsara. Akwai ruɗewar tsufa, inda kare ke manta tarbiyyar da ya taso da ita. Akwai kuma wanda ciwon gaɓɓai ne kawai ya hana shi tashi da wuri. Namiji kuma ana duba masa wata ƙaba da ke kewaye da hanyar fitsarinsa, wadda kan kumbura. Kowanne maganinsa daban. Wanda ya tsaya a kemis ya sayi kafso ya ɗura wa karensa, caca yake yi da ran dabba.

Da na gaya masa zancen ɗauke kwanon ruwa, fuskarsa ta sauya. Ya ce kada in ƙara. In da ƙodarta ce ta fara gazawa, hana ta ruwa zai iya ƙarasa ta. Ko da ƙodar lafiya lau, fitsarin da ya yi kauri ya fi ƙona fata. Maimakon haka sai ya ba ni aiki: in auna abin da take sha kwana uku. Kare mai lafiya yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, in ya haura 100 to akwai abin dubawa. Ga Durwa, wajen lita ɗaya da rabi ke nan, iyakar damuwa kuma kusan lita uku. Da ledar fiya wata na auna, tunda kowace rabin lita ce. Ina fasa shida a kwano da safe, washegari in auna ragowar. Tsakanin leda uku da huɗu take sha. Jinin ma ya fito da kyau, babu suga, ƙoda tana aiki daidai shekarunta. Mazagin ne dai.

Maganin da aka rubuta mata sunansa phenylpropanolamine, na ruwa, ana sayar da shi da sunan Propalin. Aikinsa ƙara tsuke waccan tsoka. Likita ya lissafa ma'aunin a kan nauyinta, ina ja da sirinji in zuba a kan abinci sau uku a rana. Sai da aka auna hawan jininta kafin a fara, domin maganin yana iya ɗaga shi, yana kuma sa wasu karnukan rashin natsuwa. Shi ne sinadarin da a da ake sa wa a magungunan mura na mutane, har hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi a shekarar 2000 saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Don haka kwalbar tana saman kwaba, inda jikoki ba sa kaiwa. Akwai wani na biyu, estriol, ƙwaya ce mai maye gurbin sinadarin da jiki ya rasa, wani lokaci ana haɗa su biyun in ɗaya bai isa ba. Mu ba mu kai ga nan ba.

Samun Propalin ɗin ya ɗan ba ni wahala, sai da aka yi oda na jira. Cikin mako na farko da farawa, na fito da asuba na taɓa buhun na ji shi a bushe. Na sake taɓawa da bayan hannu don in tabbata. Ban san zan yi murna da busasshen buhu haka ba.

Kada wani ya ɗauka an warke. Maganin ba ya gyara tsokar, riƙe ta yake yi, ranar da aka daina abin zai dawo. Na ga haka da kaina lokacin da kwalba ta ƙare kafin sabuwa ta iso, kwana biyu kawai muka koma gidan jiya. Tun daga nan, da zarar kwalba ta kai rabi nake neman wata. Ko da maganin ma, a mako akan samu dare ɗaya ko biyu da take ɗan ɗiga, musamman in ta gaji ko an yi zafi ta sha ruwa da yawa. Sauran aikin, wanda shi ne mai yawan, a gida yake.

Makwanci na fara gyarawa. Buhu yana shan fitsari ya riƙe, ta kwana a cikinsa. Na gwada ledar gadon jarirai da tsohon zane a kai, sai fitsarin ya taru a kan ledar ya zama tafki, ta tashi gefenta ɗaya a jiƙe. Abin da ya yi mini aiki, wani mai walda ne ya haɗa mini ƙaramin gado na ƙarfe, tsayinsa daga ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba saboda ƙafafunta na baya sun fara nauyi, muka ɗaure masa raga mai ƙarfi ta roba a sama. A ƙarƙashi na zura tire cike da dusar katako, irin wadda nake shimfiɗa wa kaji. Duk abin da ya zubo sai ya wuce ta ragar ya faɗa dusa, ita tana sama a bushe. Da safe in kwashe dusar in kai rami, in watsa wa ragar ruwa, rana ta busar. Da hunturu nakan ɗora mata tsohon bargo, guda uku gare ni ina juya su, ɗaya a gado, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye. Kwana huɗu ta yi tana ƙin hawa gadon. Ɗana ne ya zauna a gefensa da ɗan busasshen kifi har ta saba.

Famfas ma mun gwada, na manya, muka huda wurin wutsiya. Ban ba kowa shawararsa ba sai da larura. A zafin Zariya na watan Afrilu, awa uku ya isa ya dafa fatar dabba. In an sa, sai an riƙa cirewa a kai a kai, a wanke, a bari iska ta shiga. Ga kare mai kwana a waje ban ga amfaninsa ba, sai ranar da za mu shiga mota zuwa asibiti.

Fatar ita ce inda na fi shan wahala, kuma nan ne na ƙara yin sakaci. Durwa ta gaji gashin ubanta, mai kauri a cinyoyi da ƙarƙashin wutsiya. Fitsari yana shiga ya maƙale, daga waje ba ka ganin komai. A daminar da ta biyo baya na yi tafiyar kwana huɗu zuwa ɗaurin aure, na bar wa yara amanar magani, sun kuma ba ta, amma ban ce musu su duba jikinta ba. Da na dawo na ga ƙudaje na bin ta, tana ta juyawa tana cizon gindin wutsiya. Na kwantar da ita na buɗe gashin da yatsu. Fatar matsematsinta ta yi jawur ta saɓule kamar ƙunar ruwan zafi, kuma a wani ɗan rami da bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba, na ga fararen tsutsotsi suna motsi. Hannuna ya yi rawa. Ƙuda ya yi ƙwai a wurin, kuma ƙwan ƙuda cikin kwana ɗaya yake ƙyanƙyashewa. Wani ya ce in zuba kananzir ko fiya-fiya. Ban yi ba, don guba ce a kan ɗanyen nama, kuma za ta lashe. Muka koma asibiti a ranar. Aka aske wurin, aka tsince su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, aka wanke, aka ba ta magani. Ta kwanta shiru ana yi, kanta a kan gwiwata, sai dai in an taɓa wurin ta ja numfashi.

Tun daga ranar ga abin da nake yi, safe da yamma, ba fashi. Gashin wurin kullum a rage yake, da almakashi mai dakusasshen baki. Ina jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in goge cinyoyin da ƙarƙashin wutsiya, ba sabulu sai sau ɗaya a mako, shi ma marar ƙamshi. In tsane da busasshen tsumma, tsanewa ba gurzawa ba. In ya bushe sarai in shafa basilin kaɗan, don fitsarin ya zame kada ya zauna. Likita ya hana ni man nan fari na kurjin jarirai mai sinadarin zinki, domin kare zai lashe shi ya yi ta amai. Ya kuma ja kunnena a kan maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, ko na ga tana ɗingishi kada in ba ta, suna huda cikin kare suna lalata ƙoda. Duka aikin bai fi minti goma ba. Yanzu da ta ga na ɗauko bokitin shuɗi sai ta kwanta ta ɗaga ƙafa da kanta.

Akwai maganar da na san tana ran duk Musulmin da ya karanto zuwa nan, don ita ce ta fi damun uwargidana: tsarki. Ba ta taɓa son karen ba, ta dai haƙura da shi saboda amfaninsa, kuma Durwa ba ta taɓa shiga ɗaki ba, iyakarta bayan gida. Amma yanzu ga maigida yana tsugunne safe da yamma yana wanke fitsarin kare, sannan ya tafi masallaci. Ta ce, "Malam, ni fa ina tsoron sallarka." Ban ga laifinta ba. Na je na samu limamin unguwarmu bayan Isha'i na shimfiɗa masa komai. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa najasa ne, kamar na duk dabbar da ba a cin namanta. In ya taɓa jiki ko tufa, a wanke da ruwa mai tsarki har launi da wari su tafi, shi ke nan. Wanki bakwai da ake faɗa, a kan ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki ya zo. Ƙasa kuma ana kwarara mata ruwa, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka yi lokacin da baƙauye ya yi fitsari a masallaci. Sannan ya tuna mini hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa Allah ya gafarta masa, inda aka ce a kan kowane mai ɗanyar hanta akwai lada. Ya ce, "Kai ka ajiye ta, ta yi maka aiki. Yanzu haƙƙinta na wuyanka."

Sai na tsara abin yadda hankalin kowa zai kwanta. Ina da tsohuwar riga da wando na wannan aiki kaɗai, suna rataye a ƙusa a ɗakin ajiyar abincin kaji, da takalmin roba da safar hannu. Bokitinta daban, tsummokaranta daban, igiyar shanyarta daban, can nesa da ta gida. In na gama in wanke hannu da ƙafa da sabulu kafin in tsallako tsakar gida. Simintin kuma ruwa nake fara kwarara masa da yawa, sannan omo da tsintsiya. Kada a zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da tururi mai shaƙe ƙirji, na shaƙa sau ɗaya na yi ta tari. In zarni ya ƙi tafiya, ruwan kal da aka sirka yana kashe shi, wurin ƙasa kuma toka nake barbaɗawa. Uwargida ba ta taɓa Durwa har yau, amma ita take tuna mini in lokacin maganin rana ya yi, kuma na sha ganin ta ware mata romon ƙashi ba tare da na ce ba.

Sau ɗaya abin ya rikice bayan watanni muna cikin sauƙi. Gadon ya koma jiƙewa kullum, fitsarin ya yi duhu da wari mai ɗoyi, tana tsugunawa sau biyar a jere ba abin da ke fita sai ɗigo. Na ɗauka maganin ne ya daina aiki, har na yi niyyar ƙara ma'auni da kaina. Allah ya sa na fara kai fitsarin. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, abin da ke yawan samun karyar da ƙofarta ba ta rufuwa sosai. Aka ba ta maganin kashe su, na ba ta har ya ƙare duk da ta warware tun kwana na uku, komai ya koma yadda yake. Yanzu na san bambancin. Ɗigar barci ba ta da zafi. In na ga yunƙuri, ko jini, ko ta ƙi abinci, asibiti ne. In kuwa ta yi ta yunƙuri fitsari ya ƙi fita sam, an gaya mini wannan ba a kwana da shi.

Na taɓa tambayar likita, ba tare da na dube shi ba, ko ina wahalar da ita ne, ko akwai lokacin da ya kamata a hutar da ita. Ya ce yoyon fitsari shi kaɗai ba dalili ba ne. In duba ko tana ci, ko tana tashi da kanta, ko tana murnar ganina, ko tana barci ba tare da nishin ciwo ba. Ranar da waɗannan suka tafi, za mu zauna mu yi magana. Ban ce komai ba. Ina dai duba su kowace safiya.

Ta haura shekara 12 yanzu. Bakinta ya yi furfura, idonta ya yi hazo-hazo, in na kira ta daga baya sai na tafa hannu take ji. Gadin ya koma hannun wani matashin kare da na karɓo bara, wanda ta koya wa iyakar gida ta hanyar yi masa gurnani duk lokacin da ya nufi ɗakin kaji. Amma har yanzu in baƙo ya taɓa ƙofa, muryarta ce ta farko, a dishe, daga kan gadonta.

Na ƙara mata fita, don mafitsarar da ba ta cika ba ta fi riƙuwa. Ta ƙarshe ƙarfe goma da rabi na dare, bayan na rufe kaji. Ina zuwa da tocila in taɓa kafaɗarta, don in na yi magana ba ta ji. Takan ɗau lokaci kafin ta haɗa ƙafafun baya, wani dare sai na zura tawul a ƙarƙashin cikinta na ɗan ɗaga. Mu taka a hankali zuwa gindin darbejiya, in tsaya in jira ta shinshina, ta juya sau biyu, ta tsuguna. In ta gama mu dawo, in duba dusar da ke cikin tiren, in cika mata kwanon ruwa.